Waɗanda suka yi dariya, da wanda bai yi ba

Ni mutumin Bama ne, a jihar Borno. Mahaifina Babarbare ne, ɗinkin hula ya gada, shi kuma ya koya mana tun muna ƙanana. Mahaifiyata Bahaushiya ce, iyayenta fatake ne daga ƙasar Haɗeja da zama ya kama su a can, shi ya sa na tashi da harshe biyu a bakina. Fuskata kuwa ta gidan ubana ce. Ina da zane, duk wanda ya kalle ni ba sai ya tambayi daga ina na fito ba.

Kafin a lalata mana gari, in ka cire Maiduguri babu garin da ya kai Bama girma a Borno. Hanyar Banki zuwa Kamaru ta nan ta ratsa, kasuwa na ci, hular Bama kuwa har a Kano da Abuja ana alfahari da ita. A farkon watan Satumba na 2014 'yan Boko Haram suka shigo suka ƙwace garin. Ina da shekara goma sha tara. Muka fita da ƙafa, ni da mahaifiyata da ƙannena, muka nufi Maiduguri, tafiyar wajen kilomita 70, ta daji, ta wajen Konduga. Mahaifina ƙafarsa ba ta da lafiya, ya ce mu yi gaba zai biyo mu. Har yau da nake wannan rubutu bai biyo mu ba.

Ba labarin gudun nake son bayarwa ba, dubban mutane suna da irinsa, wasu ma nasu ya fi nawa muni. Maiduguri ta cika maƙil, makarantu sun zama sansanin 'yan gudun hijira, babu aikin yi. Kawuna da ke Kano ya aiko in zo. Na bi ta Damaturu, Potiskum, Azare, kowane shinge a sauke mu, mu ɗaga hannu sama mu taka da ƙafa, soja ya kalli zanen fuskata ya daɗe yana juya katina. Na sauka a Unguwa Uku da leda ɗaya.

Kawu ya haɗa ni da wani mai wankin hula a cikin birni, ba nisa da Kasuwar Kurmi. Aikin bai yi mini wuya ba, wanda ya iya ɗinka hula ya san inda zare yake da rauni. A jiƙa, a sa sabulu, a goge da buroshi a hankali kada aikin ya tashi, a ɗauraye, a sa sitaci, a ɗora kowace a kan katakonta daidai da girman kan mai ita, a jera a rana. In ka zo da hantsi za ka ga hulunan a jere reras a bakin titi. Bayan la'asar kuma sai rumfar ta zama majalisa: benci biyu, mai shayi a gefe, masu zuwa karɓar hula su zauna, masu shagunan kusa su fito, a yi ta hira har a kira magariba.

In faɗi gaskiya, Kanawa sun riƙe ni. Maigidana ya ba ni wurin kwana a shagonsa, daga gidansa ake kawo mini tuwon dare, bai taɓa cire ko sisi daga kuɗina ba saboda haka. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka ƙarar mutanen Kano na kawo. Mutanen kirki ne. Abin da ya daɗe yana cin raina ma shi ne, mutanen kirki ne suka yi dariyar.

Zolaya iri biyu na tarar a rumfar nan. Ta farko ta wani Bafulatani ce, dillalin shanu da ke cin kasuwar Wudil ranar Juma'a, yakan kawo hulunansa. Ranar da ya fara ganina ya tsaya ya ƙare mini kallo, ya ce, "A'a! Ashe an kawo mini bawa har gida ban sani ba. Kai, taso ka karɓi takalmin ubangidanka." Bakina bai jira ni ba, na ce, "Yaushe bawa ya fara aiken mai gida? Kai da muka saya da ƙwaryar gero." Rumfa ta ɗauki shewa, shi ma ya riƙe ciki. Tun fitowata daga Bama ban yi dariya ba sai ranar.

Wannan wasa ne da kowa ya san shi. Fulani da Barebari, Kanawa da Zage-zagi, Gobirawa da Yarabawa, Katsinawa da Nufawa, jika da kaka, taubashi da taubashi. Manya sukan danganta namu da Fulani da yaƙe-yaƙen zamanin jihadi, lokacin da Birnin Ngazargamu ya faɗi a 1808, wato gaba ce ta gaske aka mayar da ita raha. In watan cika-ciki ya zo har kuɗin shara ake bin juna. A Nijar sun ɗauki abin da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2014. Amma wasan nan yana da ƙa'ida ko da ba a rubuta ta ba. Ka faɗa, in rama. Babu wanda zai kwana da tsoro saboda abin da aka faɗa. Kuma abokin wasanka shi ne na farko da zai tsaya maka in ka shiga uku. Dillalin nan bai taɓa tafiya bai cusa mini wani abu a aljihu ba, yana cewa, "Ungo, kada a ce na bar bawana da yunwa."

Ta biyun ta wani Alhaji ce, ɗan kasuwa mai hannu da shuni. In ya zo, jaka guda ta huluna yake kawowa, kuma duk wanda ke kan benci ya sha shayi da burodi a aljihunsa. Da ya ji daga inda na fito, sai ya ce, "To, jama'a a yi hattara, an kawo mana Shekau." Aka yi dariya. Washegari ya ce a ɗaga rigata a duba ko na yi ɗamara. Wata rana ya ce kowane Babarbare yana da ɗan'uwa a Sambisa, in ba wa ba to ƙane. Kafin wani lokaci sunana na yanka ya ɓace a layin, yara da manya Shekau suke kirana.

Me zan rama da shi? Mutumin da aka laƙaba mini sunansa shi ne ya raba ni da ubana. Kuma ni yaron shago ne, shi kuwa babban mai kawo aiki.

Sai ga 28 ga Nuwamba 2014, aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na Kano da ke kusa da gidan Sarki, ana shirin tayar da salla. Sama da mutum 100 suka rasu. Daga rumfarmu mun ji ƙarar, mun ga mutane suna gudu da jini a riga. Ranar 10 ga Disamba kuma 'yan ƙunar baƙin wake mata suka tashi bom a Kantin Kwari. Gari ya ɗauki zafi, kowa na kallon kowa, mai ɗauke da jaka ya zama abin tsoro.

A cikin kwanakin nan maigida ya aike ni in kai wa wani mai shago hulunansa. Na zuba su a buhu na saɓa. Na kai bakin titi ke nan, sai wani yaron layinmu, wanda bai fi shekara goma ba, ya hango ni daga tsallake ya ƙwala kira: "Shekau! Shekau! Ina za ka da kaya?" Shi dai gaisuwa yake yi, haka ya ji manya suna kirana. Wata mata da ke gabana ta waiwayo, ta ga zane, ta ga buhu, ta yar da robar da ke hannunta ta zura da gudu tana salati. Mai Adaidaita Sahu ya taka birki. Kafin in ankara an yi mini zobe daga nesa, wani ya riga ya sunkuya ya ɗauki dutse. Na durƙusa a kan kwalta, hannuna na rawa, na kwance bakin buhun na zazzage. Huluna suka tarwatse, farare da shuɗɗa, wata ta gangara cikin kwata. Allah ya kawo mai shayinmu, ya ratso yana cewa, "Ku bari, ku bari, yaron mai wankin hula ne, mun san shi!"

Da yamma labari ya kai majalisa. Alhaji ya yi dariya har da hawaye, ya ce saura ƙiris a yi wa kwamanda ritaya. Aka taya shi.

Daren nan ban yi barci ba, kuma ba Alhaji nake tunani ba. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Fuskokin mutanen benci nake ta gani ɗaya bayan ɗaya. Da yake na daɗe ina zaune a gefe ina guga ina kallonsu, na san kowa da irin dariyarsa.

Akwai masu ƙyaƙyatawa tun Alhaji bai rufe baki ba, su ne masu ƙara gishiri, kuma su ne suka fi kowa shan shayinsa. Waɗannan ban damu da su sosai ba, ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma bafade cikinsa yake yi wa aiki. Akwai masu murmushin yaƙe, su sunkuyar da kai suna latsa waya, ka ga alama abin bai yi musu daɗi ba amma ba sa so a gane. Akwai masu cewa, "Kai Alhaji, ba ka da dama!" wanda a kunne kamar tsawatarwa ne, a gaskiya kuwa kirari ne. Akwai kuma masu juyowa kaina in sun ga fuskata ta canja: "Haba, wasa ne fa. Kai ba ka san wasa ba?" Wato ni aka soka, ni ne kuma mai laifin ɓata hira.

Waɗanda suka fi ba ni mamaki su ne masu zuwa bayan taro ya watse. Mutum ya dafa kafaɗata a bakin masallaci, ya rage murya, ya ce, "Ka yi haƙuri, wallahi ban ji daɗin abin da ya faɗa ba, haka halinsa yake." Na san da zuciya ɗaya suke faɗa, Allah ya saka musu. Amma ihu ne bayan hari. An ci mutuncina a gaban mutum goma sha, an ba ni haƙuri a gaban mutum ɗaya. Gobe kuma in Alhaji ya sake, mai ba ni haƙurin nan yana kan benci yana murmushi. Har da wani mai kai albasa Fatakwal a cikinsu, wanda da bakinsa ya ba mu labarin yadda ake ce musu Boko Haram a tashoshin kudu, da yadda sojoji suka tare matafiya 'yan Arewa 486 a jihar Abiya a watan Yuni na shekarar, bisa zargin da ake yi mini a wasa. Ya ba da labarin da ɓacin rai, ana ta Allah wadai. Da aka juyo kaina, da shi aka yi dariya.

Akwai wani tsoho mai sayar da goro a ƙarshen benci. Baba mai goro kowa ke ce masa. Ba ya cikin masu magana, yana zaune da farantinsa da jiƙaƙƙen algarara a kai, yana yayyafa ruwa, in an yi ciniki ya miƙa. Ban taɓa sanin yana sauraro ba.

Bayan abin da ya faru a titi da 'yan kwanaki, Alhaji ya zo, ya zauna, ya ce, "Shekau, kawo mini hulata, amma ka ajiye ta daga nesa." Dariya ta fara tashi. Sai Baba ya ce, "Alhaji, kunnena ya yi nauyi. Me ka kira yaron nan?"

Alhaji ya ce, "Wasa muke yi, Baba."

"Na ji. Me ka kira shi?"

Ya maimaita, amma a karo na biyu sunan ya fito a bushe, babu wanda ya taya. Baba ya juyo gare ni ya ce, "Yaro, yaya sunanka na gaskiya?" Na faɗa. Ya ce, "Ina mahaifinka?" Na ce, "Ban sani ba, Baba. Tun ranar da suka shigo garinmu." Ya gyaɗa kai, ya ce, "Allah ya bayyana shi." Sannan ya dubi benci, ba Alhaji kaɗai ba, duka benci, ya ce, "To ku ci gaba da dariyar mana." Ya koma yayyafa wa goronsa ruwa.

Ba zan ɓoye ba, a lokacin ban ji daɗin tambayar ba. Maganar mahaifina ban taɓa yin ta da kowa a layin ba, ga shi an buɗe ta a bainar jama'a. Har yanzu ina ganin da ya tsaya a tambayar farko ma ta isa. Amma tsoho ne, da abin da ke hannunsa ya yi yaƙin, kuma shi kaɗai ya yi.

Kada a ɗauka daga ranar komai ya gyaru. Alhaji ya tashi a fusace, ya daɗe bai kawo wanki ba. Maigidana ya yi kwanaki yana amsa gaisuwata a daƙile, don aikin da ya tafi ba ƙarami ba ne, ko da yake bai taɓa ce mini komai ba. 'Yan shayin kyauta suka ce Baba ya cika shiga sharo ba shanu. Sunan ma bai mutu nan take ba, yara sun ci gaba da shi na wani lokaci. Abin da ya canja shi ne masu sunkuyar da kai. Ashe suna da yawa, kowa yana zaton shi kaɗai ne abin ke damu. Da suka ga an yi magana kuma sama ba ta faɗo ba, sai bakinsu ya buɗe. Wani ya ce "Shekau", sai ka ji tela ya ce, "Kai, yana da suna." Mai shayi ya kama yaron da ya kira ni a titi ya ja masa kunne. Da Alhaji ya dawo, don ya dawo, ya gwada sau ɗaya, mutum biyu suka yi 'yar dariya, ta mutu a hanya. Bai ƙara ba. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba.

Daga baya, a karatun da ake yi tsakanin magariba da isha'i a masallacin layin, na ji malam ya kawo labarin Abdullahi ɗan Mas'ud. Ya hau bishiya zai yanko asuwaki, iska ta kaɗa shi, sahabbai suka ga sirantar ƙwaurinsa suka yi dariya. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambaye su me suke yi wa dariya, sannan ya shaida musu ƙwaurin nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a ma'auni. Malam yana bayanin falalar sahabin ne, ni kuwa abin da ya tsaya mini shi ne masu dariyar aka fuskanta, a take, a wurin. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat kuma, wadda ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili da jifan juna da miyagun laƙabi, kusan duk mutanen bencin nan sun haddace ta tun suna makarantar allo. Ba rashin sani ne ya rufe musu baki ba. Kunyar mai kuɗi ce, da tsoron a ce ka cika zafin kai, da ganin cewa ai wani zai yi magana.

Sojoji sun ƙwato Bama a watan Maris na 2015, mutane suka fara komawa a 2018. Mahaifiyata ta koma, ni na zauna. Na yi aure a Kano, na buɗe tawa rumfar, ina wanki ina kuma saro huluna daga gida. Baba mai goro ya rasu, Allah ya jiƙansa, na samu sallarsa.

Yanzu an sauka daga kanmu an koma kan Fulani. Tun da satar shanu da garkuwa da mutane suka yi ƙamari a Zamfara da Katsina da hanyar Kaduna, musamman bayan harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, Bafulatani ba ya wucewa ta gaban majalisa a rasa mai cewa, "Nawa ne kuɗin fansa yau?" Ina da yaro a rumfata, Bafulatani daga ƙasar Zamfara. Ɓarayin daji sun kore shanun gidansu kaf, 'yan sa-kai kuma suka ƙone rugar, ya zo birni ba shi da kowa. Shi ake tambaya ina ya ɓoye bindiga.

In aka yi a gabana ba na jira taro ya watse. Ba na wa'azi, ban iya ba. Nakan ce, "Malam, wannan bawana ne, ni kaɗai ke da izinin taɓa shi, ni ma ban da wannan." Wani lokaci a yi dariya maganar ta wuce lafiya. Wani lokaci mutum ya ce, "Kai da kake Babarbare, ai kai ya kamata ka fi kowa tsokanarsa." In ce ina tsokanarsa kullum, yana ramawa, har ya fi ni baki, amma ka gaya mini me zai rama da shi in ka ce masa ɗan fashi? Galibi ba a samun amsa.

Ba ko'ina ake iya magana ba, wannan na sani. In surukinka ne ya saki irin wannan a kan zawarawa, ko wani dattijo a kan almajirai ko Inyamurai ko mutanen ƙauye, ba za ka tsaya gyara masa zance a gaban jama'a ba. A irin wurin nakan haɗe fuska, in tashi in duba wani aiki. Mai ba da dariya yana ƙirga fuskoki, ko bai nuna ba, kuma yana ganin wadda ta ƙi motsi.

Abin yana da tsada, kada in yi ƙarya. Wani ya ce na zama ustaz. Wani mai kawo mini aiki da yawa ya yi fushi don na katse shi a gaban abokansa, ya kwashe hulunansa ya koma wata rumfa a gaba da mu. Yaron nawa kuwa ya ƙware, in na tafi Bama ganin mahaifiyata shi nake bar wa rumfa da kuɗin ciniki, ban taɓa dawowa na tarar da gibin naira ɗaya ba. Kwanan baya mai fushin nan ya aiko ɗansa da huluna uku, wai na can sun sa masa sitaci ya yi yawa. Bafulatanin ne ya wanke su.